Hanyar Saƙo

Ranar Laraba, aji biyar, Talatar Mafara.
Allin da ya rage bai kai ɗan yatsana ba.
Littafi mai hoton ɗaya ne a makarantar,
shi ma gara ta riga mu karanta shi.

Na ce Lawali ya rufe ido,
na ɗora masa abu a tafin hannu.
"Mene ne?" Ya ce, "Goruba."
"Wa ya faɗa maka?"
Ya yi tsuru. Aji ya kwashe da dariya,
shi kuwa yana juya hannun
kamar yau aka ba shi aronsa.

Na ce, ai kun san Bakalori.
Kun san babbar hanyar da ta baro madatsa,
ta rabu biyu, ta rabu goma,
har ta zama 'yar siririya
mai shiga fangalin shinkafar kakanku.
To, ƙwaƙwalwa ce madatsar.
Laka ce babbar hanyar,
tana kwance cikin ƙashin baya, ku shafa ku ji gidanta.
Yara arba'in da bakwai suka kai hannu baya.
Ƙananan kuwa jijiyoyi ne,
ba na jini ba, waɗannan saƙo suke dako,
har gindin farce, har bakin harshe.

Hassi ta ɗaga hannu, ita ba ta barin bashi ya kwana:
"Malam, ruwa in ya tai gona ba ya komowa.
To ƙaƙa goruba tak kai labari bisa?"
Na tsaya da alli a hannu.
Shekara goma sha ɗaya ina tallar misalin nan,
yau 'yar shekara goma ta huda min shi.
Na ce, kin kama ni. Wannan hanya biyu ce,
ta mai hawa da ta mai sauka.

Muka fita gindin dogon yaro, aka riƙe hannu.
Ige ce ɗan yatsan ƙafa, Tukur ne kai.
Na matsa hannun Ige, ta matsa na gaba,
matsi ya bi layi kamar cinnaka a wando,
Tukur ya ce, "Na ji!"
ya mayar da umarni, Ige ta yi tsalle.
Na ce, a jikinku ya fi ƙiftawar ido.

Wa ya taɓa taka ƙaya? Kowa.
Me ya riga, ɗaga ƙafa ko wayyo?
Suka yi gardama har mai gadi ya leƙo.
Ƙafa ce. Laka ba ta jiran izini,
kamar mai ban ruwa ne da ya ga ɓaraka:
ya toshe tukuna, sannan ya aika a faɗa.

Aka kaɗa ƙararrawa, suka watse.
Mainasara ya tsaya, yana murza bakin riga.
"Malam, tun damana Baba ke kiran hannunshi na dama,
hannun ba ya amsawa.
In an yashe hanyar, ya warke?"

Na nemi amsa a aljihu, alli kawai na taɓo.
Na ce, wani lokaci a madatsar ne ɓarnar take.
Wani lokaci saƙo kan haƙa sabuwar hanya,
a hankali, kamar ruwa a ƙasa mai tauri.
Kada ku bar zuwa asibiti.
Ku riƙa motsa masa yatsun.
Alkawari dai ban yi ba.

Da la'asar na bi ta ƙofar gidansu a keke.
Tsohon na jingine da bangon zaure, ido rufe,
yaron ya durƙusa, ya buɗe masa tafin dama,
ya ɗora goruba, ya naɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.
"Baba, mi kaj ji?"

Ban tsaya jin amsar ba.
Hannuna ne dai ya matse birki
tun ban ce masa komai ba.